Ranar da Na Yar da Ƙanina a Hanyar Gada

Haɗeja, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, duk da cewa gida ɗaya muka kwana kuma ɗazu ka durƙusa a ƙofar shago ka gaishe ni. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama jibi, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya kai ka Zariya lafiya, ya sa ka shiga makarantar nan da ƙafar dama.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da in ya ɗaga labulen ɗakinsa yana hango naka. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina gare ka, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai mu yi doguwar magana. Sau uku na sa a kira min kai cikin makon nan, in ka zo ka tsaya sai in ce miƙo min almakashi. Ka miƙo, ka tafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, Ummanku ta ba ka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da allin awo.

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na yanka wuyan rigar mutane a karkace, na tashi na leƙa titi ba wanda nake jira, na dawo na zura zare na sake zarewa. Ba tafiyarka ce ta hana ni sukuni ba. Kwano biyu ne.

Tun kuna yara kwano ɗaya ake zuba muku kai da ƙaninka Sani. Yau mako uku ke nan Ummanku na zuba biyu, kuma na san ranar da aka fara. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ne, kai ka ci, shi ya sake faɗuwa. Kuna zaune a dakali da abokanka ya dawo daga fadama da taɓo har gwiwa, wani ya ce ka tafi da shi Zariya mana, ka ce, “Ni fa ba zan tsaya jiran wanda ba ya tafiya ba.” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ina cikin shago, na ji. Na miƙe zan fito in yi maka faɗa sai na koma na zauna, don maganar da na ji a bakinka tawa ce, ni na koya maka ita ba tare da na furta ba.

Ka san agogon bangon da ke shagona. Kai ka ɗauko shi a ka zuwa gida kana ɗan shekara goma, kuma na sha jin kana gaya wa abokanka cewa babanka ya ciyo shi a gudu. Gaskiya ne, amma rabin labarin ka sani. Ga sauran.

A shekarar ba a ma yanke mana Jigawa ba. Babbar Sallah ta faɗo cikin damina, kogi ya fara cika, shinkafa ta yi kore shar a fadama. Samarin gari da wasu malaman makaranta suka shirya gudu ranar uku ga Sallah, wai don kada hutu ya ƙare a cin nama da barci. Daga filin firamare za a tashi, a bi kwalta a haye gada, a je wata tsamiya can gaba inda wani zai buga maka tambarin tawada a bayan hannu, sannan a juyo. Mai shela ya zaga gari da lasifika yana cewa gudun yada ƙanin wani, kowane gida ya kawo mutum biyu. Haka ai ake kiran dogon gudu, wanda sai mai numfashi, mai rauni a bar shi a hanya. Mun sha faɗin sunan nan muna dariya, ban taɓa tsayawa na saurari abin da yake cewa ba.

Ni da farko ko a jikina. Malam Yohanna ne ya ja ni, mutumin Filato ɗin nan da ya koya muku lissafi a aji biyar. Ya kawo min wando in rage masa, ya ce, “Oga tela, ku masu zama wannan ba naku ba ne, ka zo dai ka yi mana tafi.” Da wasa ya faɗa, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da fushi. Amma akwai mutane a shagon, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, “Ƙafar da ke taka keken ɗinki daga safe har magariba shekara ashirin, ita za ka gaya wa gudu?” Kuma wallahi har cikin raina na yarda da haka, na ɗauka taka keke da taka kwalta duk ɗaya ne. Wannan ne kuskurena na farko. Inda za ka, za ka haɗu da masu tsokana, wasu da wasa wasu da gaske. Kada magana ɗaya a gaban jama'a ta sa ka shiga abin da ba ka shirya masa ba. Kuma don kana na ɗaya a ajinku na Haɗeja, kada ka ɗauka haka za ka tarar da abin a can.

Na biyu ya fi wannan nauyi. An ce mutum biyu, ni kuwa ƙanina ɗaya ne, Baffanku Habu. A lokacin tare muke a shago, ni ina ɗinki shi yana aikin wuyan riga, kuma har yau ban ga hannu irin nasa a kan shadda ba. Tun yana yaro yake da fuka, in damina ta yi nisa ƙirjinsa sai ya riƙa yin kuka kamar ƙofa marar mai. Na san haka sarai, ni nake goya shi zuwa wurin mai magani muna yara. Ban tambaye shi ba. Cewa na yi, “Na ba da sunanka.” Ya ɗago daga kan allura ya dube ni, ya ce, “To, Yaya.” Da Iya kakarku ta ji, ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta ce, “Isa, ka san ƙirjin ɗan'uwanka. Tare za ku tafi, tare za ku dawo min.” Na ce in sha Allahu, ina ta sauri in fita. Abba, in na ƙasa da kai ya ce maka “to”, ba lallai yarda ya yi ba, sau da yawa girmanka ne ya danne masa baki. Ka riƙa tambaya, kuma ka bar wa mutum ƙofar da zai ce a'a.

Sauran shirmen ma in na tuna sai in ji kunya. Na sayi sabon kambas ranar jajibere, ban taɓa sa shi ba sai ranar gudun. Na ce magidanci ba zai fita da gajeren wando ba, na ɗinka wa kaina na kaki mai kauri har ƙasan gwiwa. Da safe kuma na zauna na cika ciki da waina da soyayyen nama don in samu ƙarfi. Ummanku ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, gudu za ka ko walima?” Na ce mata mata ba su san kan wannan ba. Ka riƙa sauraron mahaifiyarka, ta fi ni gaskiya sau da yawa fiye da yadda na taɓa yarda a gabanta.

Aka busa usur. Na fita kamar an biyo ni, Habu na gefena yana ƙoƙarin kada ya bar ni. Malam Yohanna kuwa ya tafi a hankali da farar singiletinsa, har na waiwaya na yi masa dariya. Kafin mu kai gada kambas ya fara cin diddigena, wainar ta taso min har wuya, wandon ya jiƙe ya yi nauyi. Amma muna cikin na gaba, mutane a bakin hanya suna ta “Sai tela! Sai tela!”, masunta a cikin kwalekwale suna ɗaga mana hannu. Wannan ihun ya shiga kaina. Ina jin numfashin Habu ya canja, ina jin kukan nan na ƙirjinsa da na sani tun yarinta, sai in ce masa, “Daure, saura kaɗan.” Ba saura kaɗan ba ne, ko rabi ba mu yi ba.

Muka kai tsamiya, aka buga mana tambari, muka juyo. Muna dab da sake hawa gada ya tsaya. Ya dafa gwiwa, sannan ya zauna a gefen kwalta ya riƙe ƙirji da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Na tsaya a kansa ina ta tsalle-tsalle a wuri ɗaya, wai kada ƙafata ta yi sanyi. Na ce, “Yaya dai?” Da ƙyar ya haɗa maganar. Ya ce, “Je ka, Yaya. Ba komai. Ina zuwa.”

Na tafi. Na yi taku kamar ashirin na waiwaya. Na gan shi ya kwanta a gefe ɗaya a cikin ciyawa, kuma a bayansa na hango farar singileti tana tahowa. Na dubi ɗan'uwana, na dubi singiletin, na juya na ci gaba da gudu.

Tun daga gada har cikin gari ina jiran in ji takun Malam Yohanna a bayana. Ban ji ba. Raina ya yi ta min daɗi, na ce ashe dai keken ɗinki ba ƙarya ba ne. Na shiga fili ni ne na uku, diddigena na jini, kai kana ta tsalle kana cewa, “Babana ne! Babana ne!”, Sani na riƙe da rigarka. Aka miƙo min agogo a kwali, na ɗora maka a ka, na ce ku yi gida ku nuna wa Ummanku. Da kun ƙara rabin awa a filin nan da ba sai na rubuta wannan takarda ba.

Bayan kun tafi wani daga cikin masu shirya gudun ya ce da ni, “Malam Isa, ina na biyunka?” Na ce yana tafe. Mutane suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffi, har waɗanda suka ƙarasa da tafiya, babu Habu, babu Malam Yohanna. Can sai ga amalanken shanu ya shigo fili, na wani manomi da ke dawowa daga fadama. Habu na kwance a ciki an tallafe masa kai da damin ciyawa, leɓensa ya yi fari. Malam Yohanna na tafe a ƙasa a gefen amalanken, ya riƙe masa hannu, ya cire singiletin ya jiƙa ta a kogi ya ɗora masa a goshi. Ashe ban tsere masa ba. Tsayawa ya yi.

Sai Ɗanjuma mahauci, ka san bakinsa, ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, ƙanin wani fa aka ce a yar. Isa ya yar da nasa, Yohanna ya tsinci na wani!” Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba, kuma Habu na kallona daga cikin amalanke ina dariyar. Malam Yohanna bai ce min komai ba sai, “Mu kai shi asibiti, Oga.” Har ya bar garin nan bai taɓa tayar min da maganar ba, kuma wannan shirun nasa ya fi min zagi ciwo. In Allah ya haɗa ka da irinsa a Zariya, ko daga ina ya fito, ko wane ɗakin ibada yake shiga, ka riƙe shi da kyau.

Da na koma gida labari ya riga ni. Na yi sallama a ƙofar Iya, ta amsa, ta ce, “Sannu da dawowa. Kai kaɗai?” Ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Na tsaya a bakin ƙofa har ƙafata ta gaji.

Duk wannan da zai gyaru, Abba, da na iya buɗe baki. Kwanansa biyu a asibiti. Na je na zauna a bakin gadonsa na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce, ka yafe min. Maimakon haka sai na ce, “Ai kai ka ce in tafi.” Ya dubi rufi, ya ce, “Haka ne, Yaya. Ba komai.” Na karɓi wannan “ba komai” na sa a aljihu na fito da ita kamar takardar sallama. Har na je na kafa ƙusa na rataye agogon a shago, daidai saman inda yake zama. Kullum yana aiki abin na bugawa a kansa. Kafin wata damina ya ce min ya ji Birniwa ba su da mai aikin wuya, zai je ya gwada. Na ce Allah ya ba da sa'a, na taya shi ɗaure kaya.

Shekara tara ke nan. Ba mu yi faɗa ba, ka gani da idonka, yana zuwa suna yana zuwa ta'aziyya, yana durƙusawa ya gaishe ni. Gaisuwa muke yi, ba ma hira. Mutumin da muke kwana tabarma ɗaya, wanda in na fara magana yake ƙarasa min, yanzu in mun gama lafiya lau lafiya lau sai kowa ya kama kallon takalminsa. Ina kewarsa, ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai yau. Duk rigar da na ɗinka na kai wa wani ya yi mata wuya, sai na ji abin a raina.

Sau ɗaya ya taɓa tayar da maganar. Ranar da muka binne Iya, shekara uku da suka wuce, muna dawowa daga maƙabarta mu biyu a bayan mutane, na ce masa rai ya yi halinsa, yanzu saura mu. Sai ya ce, “Yaya, ranar nan na ga ka waiwayo. Da ba ka waiwayo ba da na ce ba ka sani ba.” Bai ɗaga murya ba. Ni kuma, ka ji irin ubanka, sai na ce masa bari mu yi sauri mutane na jira a gida.

To ka ji abin da agogon nan yake. Kai ka ga kwali a kanka, ba ka ga amalanke ba, kuma ni na bar ka ka girma kana zaton abin alfahari shi ne a riga kowa isowa. Laifina ne kafin ya zama naka.

Ban ce kada ka yi gudu ba. Ka yi, Allah ya ba ka ƙafa, ka yi karatu har ka wuce inda ban taɓa mafarki ba, kuma ba wanda zai fi ni murna ko da ban nuna ba. Ban ce ka fasa tafiya don Sani ya faɗi jarrabawa ba. Shi ma yana da tasa hanyar, ka je ka ga shinkafar da ya dasa bana, manya na tsayawa kallo. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada ka hau mota jibi da kwano biyu a gidan nan. Ummanku ta tambaye shi abin da ya haɗa ku, ya ce mata ba komai. Da ta gaya min sai da na ajiye almakashi, don na san wannan amsar, na san kuma shekara nawa take ɗauka. In ka tafi a haka za ka dawo hutu ya karɓi jakarka ya gaishe ka da ladabi, ka ɗauka ya wuce. Haka zai yi ta gaishe ka har ku yi furfura.

Ka same shi gobe, ba a gaban abokanka ba, ba kuma da wasa ba. Kada ka ce masa ai wasa kake yi, kada ka ce ai shi ma ya yi dariya, wannan hanyar na bi ta na san inda take kaiwa. Ka faɗi kalma ukun nan. In ya ce ba komai, kada ka tashi, ka zauna har sai ya faɗi abin da ke ransa, ko zai yi maka zafi. Kai ne babba, kai za ka fara.

Ba zan sa ka abin da ni na kasa ba. Jibi tare za mu fita tasha, kai ka hau motar Kano, ni in hau ta Birniwa. Da na ce zan kai wa Baffanku agogon, Ummanku ta ce, “Agogo ya ce maka yana so? Ka je da bakinka kawai.” Don haka na sauke shi ɗazu na tura ƙarƙashin tebur, in ka shigo shago ka ga ƙusa ita kaɗai kada ka tambaya. Ban san abin da Baffanku zai ce ba. Wataƙila ya ce min ba komai ya kawo min ruwa, wataƙila na makara. Amma zan je, kuma wannan karon ba zan tashi da wuri ba.

Allah ya yi maka albarka, ya yi wa ɗan'uwanka. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya haɗa ka da abokan kirki, ya kiyaye maka sallarka da lafiyarka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Ya jiƙan Iya, ya yafe min alkawarin da na yi mata ban cika ba.

Na gaya wa Ummanku gobe da rana kwano ɗaya za ta zuba muku. Zan kasance a shago, ba zan leƙo ba. In an fito da shi wanke-wanke zan gani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa Tela